Ƙaura Bayan Sallama: Nazari a kan Arlit, Akokan da Tchirozérine

Garin da aka kafa saboda ma'adini yana da wata illa wadda tsofaffin birane kamar Agadas ba su da ita, domin a cikinsa aiki da muhalli abu guda ne, wanda ya rasa na farko kuwa ya rasa na biyu. Arlit ta tashi a cikin hamada bayan kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, Akokan ta biyo baya saboda COMINAK, wanda ya fara haƙar yuraniyom a 1978, ita kuma Tchirozérine ta bunƙasa ne da kwal ɗin da kamfanin SONICHAR ke ƙonawa domin ba mahaƙan nan lantarki, har ya zamana arzikin garuruwan uku a igiya ɗaya yake rataye.

Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, aka sallami ma'aikata kimanin 600, ban da ɗaruruwan leburorin 'yan kwangila, sai hakikanin al'amarin ya bayyana, wato ita kanta ƙaura tana bukatar guzuri. Ma'aikacin dindindin, wanda ya karɓi kuɗin sallama, kuma wataƙila ya riga ya gina gida a Tawa ko Maraɗi ko Yamai, yana da ikon kwashe iyalinsa ya koma mahaifarsa cikin mutunci. Lebura kuwa, wanda rabonsa bai taka kara ya karya ba, sau da yawa yakan bar mata da 'ya'ya a unguwannin Bukkoki da ke Arlit, inda fari ya tara makiyaya tun shekarun 1970, ya nufi ramukan zinariya irin na Tchibarakaten, waɗanda aka gano a 2014, ko ya bi ta Assamaka zuwa Tamanrasset cin rani.

Mai yiwuwa wani ya kafa hujja da cewa garuruwan ba su zama kufai ba, saboda haka musibar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Amma yawan jama'a ba dalili ne na wadata ba, domin da dama daga cikin waɗanda suka zauna rashin kuɗin mota ne ya zaunar da su, su da masu awo da dillalai da teloli waɗanda albashin kamfani ke ciyar da kasuwarsu. Don haka wajibi ne mai nazari ya ƙidaya wanda ya kasa tafiya kamar yadda yake ƙidaya wanda ya tafi.