Tarihin Gano Nauyin Iska da Hawa-hawanta

Iskar da ta lulluɓe duniya gauraye ce: kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin, ragowar agon da wasu ƙanana. Wannan ba a jayayya a kansa. Inda littattafai suka saɓa shi ne wane ne ya tabbatar iska tana da nauyi, kuma yaushe.

Maganar daga rijiya ta taso. Masu famfo a Italiya sun daɗe da lura cewa famfon zuƙo ba ya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10. Galileo ya ambaci abin a 1638, amma bai dace da dalilin ba. Almajirinsa Evangelista Torricelli, a birnin Florence, ya koma kan zaiba: aka cika bututun gilashi da ita, aka toshe bakin da yatsa, aka kife shi cikin kwanon zaiba. Da aka zare yatsa sai ta sauko, ta tsaya a wajen santimita 76. Torricelli ya ce nauyin iskar da ke danne kwanon ne ya riƙe ta. Wasu suna rubuta cewa an yi gwajin a 1643, wasu 1644. Abin dogaro dai wasiƙar da ya aika wa Michelangelo Ricci ce a watan Yuni 1644.

Duk da haka masana da yawa ba su gamsu ba. A Faransa Blaise Pascal ya ce in dai nauyin iska ne, dole zaiba ta ragu a kan tudu. Ranar 19 ga Satumba 1648 mijin yayarsa, Florin Périer, ya bar bututu ɗaya a garin Clermont a hannun mai lura, ya hau dutsen Puy de Dôme da ɗayan. A ƙololuwa zaiba ta faɗi da wajen santimita 8, na ƙasa kuwa ko motsi bai yi ba. Wani masani, Descartes, ya ce shi ya ba da shawarar gwajin, amma a ranar ce hujja ta tabbata.

Sanin hawa-hawan iska ya jira har 1902, lokacin da Léon Teisserenc de Bort a Faransa da Richard Assmann a Jamus, kowa da balan-balan ɗinsa marasa mutum, suka bayyana cewa daga wajen kilomita 11 sanyi yana daina ƙaruwa. Teisserenc de Bort ne ya raɗa wa hawan ƙasa, inda gajimare da hadari suke, suna turofosfiya, na samansa kuma sitiratosfiya.