Lamuni da Hayar Shago a Ƙasar Birnin Gwari: Daga Littafin Alƙali zuwa Takardar Lauya

Tun kafin zuwan Turawa, fatauci a ƙasar Hausa kan lamuni ya dogara. Baƙo ba ya samun rumfa ko bashi sai wani sananne ya tsaya masa, galibi maigidan da ya sauke shi. Haka al'adar take a garuruwan kan hanya irin su Birnin Gwari da Gayam. To, tambayar da ke kai mutane gaban shari'a ita ce: in ɗan haya ya kāsa biya, yaushe za a kama wanda ya tsaya masa?

Alƙalan Arewa suna warware wannan ne da fiƙihun Malikiyya, watau Risala da Mukhtasar na Halil da Tuhfa. A can lamuni iri uku ne: lamunin dukiya, da lamunin kawo mutum gaban alƙali, da lamunin nemo shi kurum. Ƙa'idar da ke cikin Risala kuwa ita ce ba a cin mai lamuni tara sai in wanda ake bi ya tsiyace ko ya ɓace. Ba a yarda kuma ya karɓi lada a kan lamuninsa ba, domin taimako ne, ba ciniki ba. Shaidu sun isa, ba sai da takarda ba.

Da Turawa suka kafa mulki, sai suka shigo da dokokin da ke aiki a Ingila a ranar 1 ga Janairu 1900. A cikinsu har da dokar 1677 wadda ta ce alkawarin biyan bashin wani ba ya cin mutum sai an rubuta, ya sa hannu. Amma tun 1704 kotunan Ingila suka bambanta alkawari biyu. Wanda ya ce zai biya in wane ya kāsa, nauyinsa yana bin na ɗan haya ne, in wancan ya faɗi wannan ma ya faɗi. Wanda kuwa ya ce shi zai ɗauke duk hasarar mai shago, ya ɗora wa kansa nauyi mai zaman kansa, wanda yana iya wanzuwa ko da ɗan haya ya kuɓuta.

Wannan bambanci ba maganar littafi ba ce kawai. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, kuma sai a Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan shekaru tana rufe. Abin mamaki, Halil ya riga ya ambaci irin wannan hali tun ƙarni na 14: cikin abubuwan da ke warware haya har da umurnin mai mulki na rufe shaguna. In haya ta warware, kuɗinta ya faɗi, mai lamuni kuma ya huta. Dokar Ingila ta fi tsanani. Sai a 1980 babbar kotunta ta amince cewa abin da ya fi ƙarfin mutum yana iya rushe haya, tare da gargaɗin cewa da wuya hakan ta faru.

Saboda haka mutum biyu suna iya tsaya wa 'yan haya a layi ɗaya, ɗaya ya kuɓuta a kotun shari'a, ɗaya ya sayar da gonarsa saboda kalma guda a takardar lauya. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wajibi ne mai tsaya wa wani ya san nauyin kayan, da kotun da za ta auna shi, tun kafin ya sa hannu.