Faransanci da Turanci a Firamaren Kamaru: Tarihin Wani Jinkiri

Kamaru ta gaji harsunan hukuma biyu ne daga rabon da Faransa da Birtaniya suka yi wa ƙasar a 1916, bayan sun ƙwace ta daga hannun Jamus, inda Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Birtaniya kuma ta haɗa nata da Nijeriya wajen gudanar da mulki. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961, arewacin yankin Birtaniya, wanda ya ƙunshi garuruwa irin su Mubi da Gembu, ya zaɓi Nijeriya aka kira shi Lardin Sardauna, kudancinsa kuwa ya haɗe da Jamhuriyar Kamaru ta Ahmadu Ahijo, aka kafa tarayya a 1 ga Oktoban wannan shekara da Faransanci da Turanci a matsayin harsunan hukuma. Kowane ɓangare ya shigo da makarantunsa da jarrabawarsa da tsarin horar da malamansa, kuma ba a taɓa narkar da su wuri guda ba.

Abin lura shi ne gwamnati ta fara ginin ne daga sama. An buɗe jami'ar tarayya a Yawunde a 1962, inda malami ke karantarwa da harshen da ya fi ƙwarewa, ɗalibi kuma ya san yadda zai yi ya fahimta. A 1963 aka kafa sakandare mai harshe biyu a Man O' War Bay kusa da garin da yau ake kira Limbe, wadda daga baya aka mayar Buea. A wannan shekarar ce masani Bernard Fonlon ya wallafa maƙala a mujallar Abbia yana kiran a fara koyar da harsunan biyu tun yara suna ƙanana, bisa hujjar da Bahaushe zai taƙaita da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawarar ta sami yabo fiye da aiki, domin 'yan sakandaren da aka zaɓa tsiraru ne, alhali mafi yawan yaran ƙasar karatunsu a firamare yake ƙarewa.

Sai bayan kundin tsarin mulkin 1996 ya daidaita matsayin harsunan biyu, dokar ilimi ta Afrilun 1998 kuma ta tabbatar da tsari biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, sannan a farkon shekarun 2000 aka wajabta harshe na biyu a firamare har ya shiga jarrabawar kammalawa. Nauyin ya fi sauka a kan azuzuwan sama, wato CM1 da CM2 a tsarin Faransanci, waɗanda suka yi daidai da aji biyar da aji shida, domin a nan ake shirya yaro don takardar CEP, shaidar gama firamare. Sai dai harshen ya shigo ne a matsayin darasi ɗaya cikin darussa, ba harshen da ake koyar da lissafi ko tarihi da shi ba, kuma sau da yawa malamin aji, wanda shi kansa Turancinsa bai taka kara ya karya ba, shi ke rubuta jimloli a allo yara su maimaita da ƙarfi su kwafa a littafi.

Hatta sunan makaranta mai harshe biyu yakan ruɗi baƙo. Abin da ake tararwa a yawancinsu makarantu biyu ne a harabar guda, kowace da shugabanta da malamanta da littattafanta, yaran kuwa ba sa haɗuwa sai a filin wasa, inda ba Faransancin littafi ake ji ba balle Turancinsa, sai Turancin buroka ko gaurayen harshen matasan birni. A Garwa ko Marwa, ko a unguwar Briqueterie ta Hausawan Yawunde, lissafin ya ƙara tsawo, domin yaron da ke Fulatanci ko Hausa a gida, yake kuma karatun allo da Larabci, Turanci harshe na huɗu ne gare shi ko na biyar, ba na biyu ba kamar yadda manhaja ta ɗauka.

Iyaye masu hali sun nemi tasu mafitar, inda tun daga shekarun 1990 da yawa daga masu jin Faransanci a Duwala da Yawunde suka riƙa sa 'ya'yansu a ɓangaren Turanci ɗungurungum, suna barin Faransanci ga gida da titi. A yankunan Turanci biyu daga cikin yankuna goman ƙasar kuwa, koken ya sha bamban, domin tura malamai masu jin Faransanci makarantunsu yana cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin malamai na ƙarshen 2016, wanda ya rikiɗe ya zama tashin hankalin da ya rufe makarantu da dama shekaru. A 2017 gwamnati ta kafa hukumar bunƙasa amfani da harsunan biyu, sannan a Disamban 2019 aka zartar da dokar harsunan hukuma, shekara 56 bayan maƙalar Fonlon.