Kurma, Ɗan Ruwa, Galahanga: Wane Suna Za Mu Kira Abin?

Yaro ya kai shekara uku bai ce "Umma" ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an motsa ledar biskit a uwar ɗaka sai ga shi. Kafin likita ya gan shi, unguwa ta riga ta raɗa wa abin suna, kuma kowane suna da inda yake tura uwa.

In kaka ta ce kurma ne, da sauƙi: za a duba kunne a tarar lafiya lau. In aka ce sangarta ce, maganin bulala, laifin kuma na uwar da "ba ta iya tarbiyya ba". Wanda ya fi ciwo shi ne "ɗan ruwa". Wannan suna cewa yake yaron ba na gidan ba ne, aljanu sun musanya shi. Daga nan sai hayaƙi da yawon gidajen masu magani, kuɗi ya ƙare, shekarun farko da suka fi dacewa a koya masa sadarwa su wuce a banza.

Kafofin labarai na Hausa sun fi cewa "galahanga". Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba. A bakin mutane tana da warin zagi, sannan da ita ake kiran yaron da wuyansa bai tsaya ba saboda rauni a ƙwaƙwalwa, alhali buƙatunsu ba ɗaya ba ne. A ƙara "cuta" a gaba kuma, sai uwa ta shiga neman warakar da babu ita, maimakon horon da ke taimakawa.

Sunan da likitoci ke amfani da shi, otizim, shi ma ya sha kwana. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, ya ƙirƙiro shi daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", wajen bayanin manyan da wata larura ta daban ta sa suka janye daga mutane. A 1943 Leo Kanner, a Baltimore ta Amurka, ya ari kalmar ya bayyana yara 11. Shekaru da dama bayan haka wasu masana na ɗora laifin a kan iyaye mata, wai sanyin zuciyarsu ne sila. Binciken da aka yi daga baya ya rusa wannan zargi, ya nuna gado na da babban hannu. Lorna Wing, likita ce a Ingila kuma uwar yarinya mai otizim, tana cikin waɗanda suka nuna abin hawa-hawa ne: wani ba ya magana sam, wani malami ne a jami'a. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, ya yi aiki a banki, ya tuƙa mota, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Saboda haka na fi son mu ari "otizim" yadda muka ari asibiti da allura. Baƙuwar kalma ce, ba ta zo da zagi ba, kuma tana sa a tambaya: "Mene ne shi?" Nan uwa ke samun ƙofar bayani. Ta faɗi yadda ɗanta yake toshe kunne in injin markaɗe ya tashi, yadda ba ya cin komai sai taliya, da yadda yake jera murafun lemo tsaf gwargwadon launi, ya gane in an ɗauke guda. Ta faɗi ranar da ya ja hannunta zuwa randa ya ce "ruwa", har ta buga wa yayarta waya tana kuka.

Haka kuma ranar da za ta kai shi Islamiyya, tana da abin faɗa: "Malam, otizim gare shi. Yana ji sarai, hayaniya ce ba ya so. Don Allah a zaunar da shi gefe, kuma in bai kalle ka ba kada a doke shi."