Yoyon Lantarki a Taransista da Zafin Bazara: Nazari Daga Korahane

Tsakure

Wannan maƙala tana bin sauye-sauyen ƙirar taransista daga 1959 zuwa 2022, tana kuma auna fa'idarsu da mudun mai wayar salula a karkarar Dakoro, inda caji abin saye ne.

Asalin Mas'ala

Duk wanda ya ci kasuwa a yankin Korahane na Dakoro, a jihar Maradi, ya ga wayoyi jere a rumfar mai caji suna shan wuta daga farantin hasken rana ko ɗan janareto, zai fahimci cewa mas'alar da injiniyoyin Amurka da Koriya suke muhawara a kanta, wato yawan lantarkin da ƙwaƙwalwar na'ura ke ci, ta shafi aljihun manomi da makiyayi fiye da yadda ta shafi su. Ita ƙwaƙwalwar tarin taransista ce, kowace ɗaya tamkar ƙofar da ake buɗe wa ruwa a lambu a kuma toshe. Asalin wannan ƙira kuwa aikin Mohamed Atalla, Bamisire, da Dawon Kahng ne a Bell Labs a 1959.

A 1974 Robert Dennard na IBM ya bayyana ƙa'idar da aka daɗe ana cin moriyarta: gwargwadon yadda aka ƙanƙanta taransista, gwargwadon yadda za a rage ƙarfin lantarkin da ke motsa ta, kuma tun da cin wuta yana bin wannan ƙarfi idan aka ninka shi da kansa, saukowa daga bolt 5 zuwa kusan bolt 1 ta kawo rangwame mai yawa. Amma wajen 2005 ƙa'idar ta cije, domin ƙofar ta yi sirantar da ko an rufe ta sai wuta ta zurara, kamar tulu mai tsaguwa da ke yoyo cikin dare alhali ba wanda ya sha.

Maganin Masana da Hisabin Karkara

Maganin shi ne ƙara wa ƙofa iko a kan magudanar da wuta ke bi. Chenming Hu da abokan aikinsa a Jami'ar Berkeley suka tayar da magudanar tsaye, ƙofa ta kama ta ta fuska 3. Wannan ce FinFET, wadda Intel ya sanar a 2011 a ma'aunin nanomita 22. A 2022 Samsung ya fara ƙera taransista ta nanomita 3, wadda ƙofarta ta kewaye magudanar baki ɗaya.

To, a nan ne hisabin Korahane ya sha bamban da na ɗakin gwaji, domin yoyo yana ƙaruwa da zafi, kuma a Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin wannan yanki yake wuce digiri 40, wayar da aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano tana zubar da cajinta ko da mai ita bai taɓa ta ba. Abin takaici, wayoyi masu rahusa su ne suka fi ɗaukar tsohuwar ƙira: SC9863A ta kamfanin Unisoc, wadda ke cikin wasu wayoyin Itel, a nanomita 28 aka ƙera ta, da shimfiɗaɗɗiyar taransista irin ta gabanin FinFET. A ra'ayin marubucin nan, batir mai girma da 'yan kasuwa ke talla da shi ƙarin tulu ne kawai, tsaguwar tana nan. Shi ya sa ya kamata a gwada waɗannan wayoyi a zafin digiri 45, a ƙidaya kwanakin da ke tsakanin caji da caji.