Yadda Kayan Tarihin Nijar Suka Tattaru a Yamai

Tun da Faransa ta mayar wa ƙasar Benin kayan sarauta 26 a watan Nuwamban 2021, maganar kayan tarihi ta sake tasowa a Nijar. Sai dai ga mutumin Magarya ko Dungas, akwai tambayar da ta riga ta Turai: me ya sa sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1000 zuwa Yamai kafin ya ga abin da aka tono a ƙasarsa?

Adana kayan kakanni ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Dungas na cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, tare da Mirya da Waca, Magarya kuwa sarautarta na da jiɓi da gidan Daura. A irin waɗannan fadoji ake ajiye tambura da kakaki da takubba da sulke, a fito da su ranar hawan salla ko naɗin sarauta. A ƙarni na 19 Damagaram ta mamaye yankin, musamman zamanin Sarki Tanimune, sannan Faransawa suka kama Zinder a 1899. Zinder ce hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da suka koma Yamai.

Wannan ƙaura ce ta yanke hukunci. Da aka tashi kafa gidan tarihi na ƙasa a 1959, a sabon babban birni aka gina shi, bisa himmar Bubu Hama, marubuci kuma shugaban majalisar dokoki, tare da Pablo Toucet wanda ya fara jan ragamarsa. Yau gidan na ɗauke da sunan Bubu Hama. A fili mai faɗin kadada 24 aka haɗa ɗakunan tufafi da kayan kiɗa da makamai, da gidajen gargajiya na ƙabilu, da gidan namun daji, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa. A ɓangaren kayan ado akwai azurfar Abzinawa, ciki har da shahararren gicciyen Agadas.

Ƙasusuwan da suka fi jan 'yan kallo kuwa, neman yuraniyom ne ya bankaɗo su. Masu binciken ma'adinai na Faransa sun ci karo da su a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, sai masani Philippe Taquet ya fara tono a 1965. A 1966 aka raɗa wa wani katafaren kada suna Sarcosuchus imperator. Tsawonsa ya haura mita 9, ya kuma rayu shekaru kusan miliyan 110 da suka wuce, lokacin da koguna ke gudana inda rairayi yake a yau. A 1976 Taquet ya bayyana Ouranosaurus nigeriensis, wani dinoso mai cin ganye da ƙashin bayansa ya miƙe kamar shinge. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago a Amurka ya zo da tasa tawaga, suka bayyana Suchomimus a 1998, Jobaria da Nigersaurus mai haƙora sama da 500 a 1999, sai suka gano maƙabartar mutanen da ta Gobero a 2000. Yawancin waɗannan ƙasusuwa waje aka fara kai su don nazari, abin da har gobe ake gunaguni a kai.

Game da tattara kayan a Yamai, wasu na cewa mutanen karkara ba su damu da kayan da ba, wasu kuma su ɗora wa addini laifi. Hujjar ba ta da ƙarfi. Daura na maƙwabtaka da Magarya, jama'a ɗaya ce, kuma baƙi ba su fasa zuwa kallon rijiyar Kusugu ba. Dalilin da ya fi kama hankali shi ne tsarin mulki mai jan komai zuwa babban birni, wanda aka gada daga Faransawa. Ko itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973, Yamai aka kai gangar jikinsa. Gidan tarihi na jiha da ke Zinder ya ɗan rage nisa, amma tarinsa bai kama ƙafar na Yamai ba.

Rashin ma'ajiya a kusa na da illa. Tukwane da gumakan yumɓu na Bura, da aka gano a 1975, masani Bube Gado ya tono a 1983, ɓarayi sun yi ta kwasar ire-irensu har suka shiga jerin kayan da ke cikin haɗari na duniya a 2000. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma kayan tarihinta da na Magarya har yanzu amanar fada ne da ta iyalai.