Kafanchan da Kewayenta: Abin da Baƙo Ke Gani da Abin da Aka Kwashe

Idan aka shirya wa ɗalibai yawon buɗe ido zuwa kudancin Jihar Kaduna, galibi wurare huɗu ake lissafa musu: tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, da Matsirga, da duwatsun Kagoro, da ƙauyen Nok. Akan je a ɗauki hotuna a dawo. Manufarmu a wannan ɗan rubutu ita ce mu sake bin waɗannan wurare da idon tarihi, domin in ban da Matsirga, kowanensu yana ɗauke da labarin wani abu da aka kwasa daga wannan ƙasa aka yi gaba da shi, ko mutane, ko kuza, ko kayan tarihi.

Bari mu fara da dutse, tun da ya girmi kowa. Duwatsun Kagoro suna gabas da Kafanchan, kuma daga gare su ne ruwan da ke zuba a Matsirga, kusa da Madakiya, yake samo asali. Ruwan yana tsirgowa daga tsawon wajen mita 30, wato sunan da Hausawa suka ba wurin ya faɗi aikinsa. Da damina ya fi ban sha'awa, kuma iyakar abin da za mu ce a kansa ke nan. Dutsen shi ne abin dubawa. Mutanen Kagoro, waɗanda ke kiran kansu Agworok, ba don shan iska suka zauna a kansa da cikin kogunansa ba. Wajen 1810 wani malami mai suna Usman ya kafa masarautar Jama'ar Dororo a ƙarƙashin Zazzau, kuma cikin gaisuwar da Jama'a ke kai wa Zariya har da bayi. Daga ina ake samo su? Daga ƙabilun da ke kewaye. Dutse ne ya zama ganuwar Kagoro, har ƙarni na 19 ya ƙare Jama'a ba ta mallake su ba. Wannan magana ba ta da daɗin ji ga Bahaushe, amma ɗalibin da ya hau dutsen bai san ta ba, to, ƙafarsa kawai ya gajiyar. Bikin Afan da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu, inda mafarauta ke fitowa da kwari da baka, sunansa ma dutse yake nufi a harshensu. Marigayi Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 zuwa 2008, a zamaninsa ne bikin ya yi sunan da yake da shi.

A nan akwai abin da ya shafe mu, mu masu nazarin adabi. Manjo Tremearne, wanda muke yawan ambaton littafinsa na 1913 kan tatsuniyoyi da camfe-camfen Hausawa, a Jama'a ya yi aikin mulki. Shi ne kuma ya wallafa wani littafi a 1912 wanda tun daga sunansa ya kira mutanen wannan yanki masu wutsiya, masu farautar kawuna. Alƙalami guda ne ya rubuta duka biyun, saboda haka ya kamata mu riƙa karanta na farkon da sanin na biyun.

Shi kuwa garin Kafanchan, kafin zuwan dogo mazaunin Fantswam ne, kuma daga sunansu aka samo sunan garin. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos. Dalilin reshen a fili yake: a kai gawayin Inugu wurin haƙar kuza, a sauko da kuzar zuwa bakin teku. Mararraba ta jawo ma'aikata da 'yan kasuwa, Ibo da Yarbawa da Hausawa da sauransu, har a 1933 Sarkin Jama'a Muhammadu ya tayar da fadarsa ya dawo Kafanchan. Ke nan jirgi ne ya jawo sarki, ba sarki ne ya jawo jirgi ba. Wannan cakuɗuwa ta haifar da arziki, ta kuma bar takaddama kan ko wane ne mai gari, wadda ta fito fili a rikicin Maris 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi, da kuma na bayan zaɓen 2011 da ya cinye kasuwar garin. Tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi da faɗin harabar tashar sun isa su nuna wa baƙo irin hada-hadar da aka yi a nan a da.

Kuzar da ta kawo dogo ita ce kuma ta tono Nok. A 1928 masu haƙa a ƙarƙashin Kanal Dent Young suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Aka ajiye shi, aka manta. Sai a 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanci ilimin tono kayan tarihi, wani kan da aka samu kusa da Jama'a. Wani akawu ne ya ɗauke shi daga ramin kuza ya kafa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi, ya shekara yana korar ɓarna. Fagg ya gwada kawunan biyu, ya ga hannu iri ɗaya ne, ya raɗa wa al'adar sunan Nok. Gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ɗan wannan aiki ne.

Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya mayar da farkon al'adar Nok zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen sun noma gero da wake, daga baya sun narka ƙarfe, kuma a 2021 aka ba da rahoton samun alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Idanun kawunan nan masu kusurwa uku, da hudajjen ƙwayar ido, da kitso iri-iri, sun nuna gwanintar da ba a yi ta dare ɗaya ba. Sai dai akasarin wuraren da masanan suka isa, 'yan haƙar sata sun riga su. A Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Peter Breunig da abokin aikinsa a Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawun masu garkuwar. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin tono ya tsaya.

Saboda haka wanda ya je Nok zai tarar da ɗan ƙaramin gidan tarihi, da duwatsu, da gonakin citta. Manyan kawunan suna Jos da Legas, da yawa kuma suna hannun attajiran Turai. A shekara ta 2000 aka baje biyu daga kayan Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da su. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta amince ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa.